Ku Bar Min Su Tukuna

Inna,

Ina gaishe ku. Ya jikin Baba? Ya ƙarin haƙurinmu?

Muna nan lafiya. Yara suna hutun bazara, duk Asabar ina kai su fili. Jiya babban cikinsu ya ci ƙwallo, ya waiwaya yana neman Ummansa a bencin da ta saba zama. Da ya tuna, sai ya tsuguna ya daɗe yana ɗaure takalmi.

Na ji saƙonku, in turo su gida. Kuna da gaskiya, aiki da raino sun yi min yawa. Amma don Allah ku bar min su tukuna. In suka tafi, ban san me zai tashe ni da safe ba.

Allah ya jiƙanta.

Surukinku