Abakar Bai Gudu Da Motarku Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta, mai kula da rassan kamfaninmu na Nijeriya da Kamaru da Cadi, ofishin Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, ni ne Jidda, mai kula da sito da motocin kamfanin a Maiduguri. Ka san muryata a waya, ko da yake ba mu taɓa zama wuri ɗaya ba. Maganar da zan yi a nan na riga na yi maka ita tsakanina da kai, na yi wa mataimakinka, kullum sai a ce ana dubawa. Shi ya sa na fito da ita fili. Na kuma rubuta da Hausa da gangan. Kai kana da mai yi maka tafinta, direbobinmu da iyalansu ba su da shi, kuma ina so su ji abin da na faɗa da kunnensu.

Ga wanda bai san aikinmu ba: ƙaro muke saye a Cadi da ƙauyukan Barno, mu tara a Maiduguri, mu tura Legas a ɗora wa jirgin ruwa zuwa Turai. Motocinmu suna bi ta Mafa da Dikwa zuwa Gamboru Ngala, su haye Kamaru, su kai Kusuri, su shiga Injamena. Ni ɗan wannan hanyar ne. Iyayena Shuwa ne, sun yi kiwo a ƙasar Ngala kafin mahaifina ya zauna a birni ya zama dillalin shanu. Ba ina cewa na fi ka sanin kasuwanci ba ne. Tun da ka zo daga Turai ka karɓi ofis albashi bai ƙara latti ba, kuma kai ka sa aka fara biya wa leburori kuɗin asibiti. Wannan na shaida. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ɗaya, maganar fenti da gaisuwa.

Ka ba da umarni a yi wa duk motocin kamfani farin fenti da manyan haruffan boko, domin su yi kama da na sauran ƙasashe. Na ce maka a hanyarmu farar mota mai rubutu kira ce ga mutanen daji, don suna ɗaukar ta ta gwamnati ce ko ta Turawan agaji. Aka ce min tsarin kamfani ɗaya ne a duk duniya. Ka kuma hana buhun sukari da ganyen shayin da muke kai wa Bulamai da Lawanan garuruwan kan hanya, ka ce cin hanci ne. Ranka ya daɗe, cin hanci mun san shi, shi ne abin da ake miƙawa a shinge a runtse ido. Wancan gaisuwa ce, a gaban jama'a ake ajiye ta. Ita ke sa Bulama ya aiko a ce wa direba kada ya wuce yau, an ga baƙin babura a bayan gari. Da gaisuwa ta tsaya, ba wanda ya yi fushi. Aike ne kawai ya daina zuwa.

Na biyu, abin da ya sami Abakar.

Abakar Mahamat mutumin Injamena ne, reshen Cadi ne ya ɗauke shi aiki, amma a unguwar Bulumkutu ta Maiduguri ya yi aure, a nan matarsa Yagana da 'ya'yansu suke. Da ranin da ya wuce ya iso Gamboru da lodin ƙaro, shi da wani direbanmu, Ya Bukar, kowa da motarsa. Doka ita ce babbar mota ba ta barin Gamboru sai cikin ayarin da sojoji ke yi wa rakiya. Aka ɗaga tafiyar ayarin, aka sake ɗagawa, jirgi kuwa yana jira a Legas.

Da can ni nake sallamar direba. A sabon tsarinka, ofishin Legas ne ke kiran direbobi kai tsaye. Aka same su ta layin wayar Kamaru, aka ce su nemi hanya su taso, wanda ya sa kaya suka rasa jirgi ya san inda zai nemi aiki. Ba a kira ni ba. Na ji labari ne bayan sun kama hanya a bayan wasu ƙananan motoci da suka yi kasada.

Kafin su kai Dikwa aka tare su. Ƙananan motocin an bar su sun wuce, fararen namu biyu aka tsayar. Ya Bukar ya diro ya faɗa daji, aka harbe shi a cinya, ya ja jiki ya kwanta cikin ciyawa. Daga inda yake ya ga an sauko da Abakar, an ɗaure masa hannu ta baya da rawaninsa, an jefa shi bayan motarsa, wani daga cikinsu ya hau ya ja ta. Motar Ya Bukar suka cinna mata wuta. Masu neman itace ne suka tsince shi, suka kai shi wurin sojoji. Yana nan da rai, yana dogara sanda, kuma bai taɓa canza ko kalma ɗaya a labarin ba. Abakar kuwa har yau ba gawa, ba labari.

Na uku, kuma wannan ne ya hana ni barci: rahoton da ofishinka ya rubuta.

Aka rubuta cewa direba ya karya dokar rakiya, ya ɓace da mota da kaya. Aka miƙa wa kamfanin inshora, aka ba 'yan sanda kwafi. Da na kira, lauyanku ya ce min kada in damu, lafazin inshora ne kawai, in ba a rubuta haka ba ba za a biya motar ba. Wataƙila a Legas haka ne. A Maiduguri ta yau, in aka ce mutum ya ɓace da mota a hanyar Dikwa, ma'ana ɗaya ce: ya kai wa mutanen daji. Balle mutumin baƙo ne, mai magana da Larabci.

Ba a jima ba jami'an tsaro suka je gidan Yagana da hantsi, unguwa tana kallo. Suka birkice ɗaki, suka tafi da ƙanenta Modu, tela ne, wanda bai taɓa ganin Dikwa ba. Ni da Bulaman unguwa muka yi ta zarya, muka ɗauki Ya Bukar a keke napep da ciwonsa ya je ya ba da shaida, na tsaya wa Modu da sunana da gidana na Mafoni, sannan aka sako shi. Ya fito ba ya ji sosai da kunne ɗaya. Shagonsa yana buɗe, amma masu kawo ɗinki sun koma wani wuri. Matan layin da suke sayen turaren wuta a wurin Yagana sun daina shiga gidan. Babbar 'yarta ta dawo daga Islamiyya tana kuka, ta ce an ce ubanta ɗan daji ne. Magana zarar bunu ce, ranka ya daɗe. Ku kun zare ta a ofis mai sanyi, mu muke zaune cikin gobarar.

Yagana ta zo sito ta same ni. Ba ta nemi ko sisi ba. Cewa ta yi: "Baba Jidda, ni yanzu mece ce? In ya mutu a gaya min in yi takaba. In yana raye a gaya wa mutane ba ɓarawo ba ne."

Na huɗu, wace ƙasa ce ke da Abakar?

Na nemi kamfani ya turo wakili ya yi wa iyalin jaje. Legas ta ce ma'aikacin reshen Cadi ne. Injamena ta ce a ƙasar Nijeriya abin ya faru. Lokacin da yake haye iyaka biyu da kayanku ba wanda ya tambayi takardar haihuwarsa, sai da ya ɓata aka tuna ƙasashe uku ne. Yayansa Alhaji Isa ya taso daga Injamena, ya zagayo ta doguwar hanya, ya zauna a ƙofar gidan kwana da kwanaki yana karɓar 'yan tsirarun da suka yi ƙarfin halin zuwa. Duk sanda na je gaishe shi tambayarsa ɗaya ce da Larabci: ina mai kamfanin? Abin da kuka aiko shi ne saƙo ta intanet da Turanci, layi biyu, wai in karanta musu. Ban karanta ba. Da na karanta, da zagi za su ɗauke shi.

Ka tambaye ni a taron waya me ya sa dillalan Cadi suka daina sayar mana da ƙaro alhali farashinmu ya fi na kowa. Amsar ke nan. Alhaji Isa bai kai ƙara ko'ina ba. Ya koma gida ya faɗi abin da ya gani, a kasuwa da masallaci. Mutanen can suna ba da kaya kan amana, kuma sun ga yadda muka yi da namu.

Na biyar. Yanzu umarni ya zo cewa motocin da suka rage su tashi zuwa Gamboru mako mai zuwa, da rakiya ko babu, wanda ya ƙi a sallame shi a ɗauki wani. Direbobin sun taru a sito sun ce min za su je, don ba su da wata hanyar ciyar da gida. Wannan ya fi tsorata ni fiye da a ce sun ƙi.

Don haka ina roƙonka abubuwan nan. A janye rahoton, a rubuta gaskiya kamar yadda Ya Bukar ya gani, a kai wa 'yan sanda da sojoji, a ba Bulama ya karanta a bainar jama'ar Bulumkutu. A faɗi sunan wanda ya kira Abakar da Ya Bukar a Gamboru da wanda ya sa shi. Kamfani ya ɗauki nauyin iyalin Abakar da jinyar Ya Bukar da ta Modu, ba tare da ana jefa su daga reshe zuwa reshe ba. A goge farin fentin. A mayar da sallamar direba hannun wanda yake zaune a garin. Sannan ka zo da kanka. Jirgin sama yana sauka a Maiduguri, ni zan tarbe ka, zan yi maka tafinta, ba kuma zan rage maka komai daga abin da za a faɗa maka ba.

Kafin nan, ina sanar da kai cewa na tattara makullan motocin duka, suna hannuna. Babu wadda za ta fita ƙofar sito ba tare da rakiya ba muddin ni ne a wurin. Na san abin da hakan zai iya jawo min, na kuma gaya wa iyalina. In ka sallame ni, ka turo wanda zai karɓi makullan, amma ya zo ya karɓa a gaban direbobin, ya kalle su ya faɗi wanda zai fara tafiya.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya haska maka gaskiya ya ba ka ƙarfin binta. Allah ya bayyana mana Abakar, in yana raye ya dawo da shi ga 'ya'yansa, in ya riga mu ya jiƙansa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Wassalam.

Naka mai biyayya a kan abin da yake daidai,
Jidda,
Reshen Maiduguri.