A-kori-kurar Kawu Tana Zafi a Hawa

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna. Ya idon? Tunda ka ce a waya ba ka jin komai sai iska, na rubuto Inna ta karanta maka.

Kawu, a-kori-kurar da ka sayar mini ta fara ba ni tsoro. A cikin gari lafiya lau take. Amma da na loda dashen itatuwa na kama dogon hawan nan na hanyar gonaki, sai allurar zafi ta tashi har ta taɓa ja. Jiya sai da na tsaya a gefen titi, tana huci, dashen suna yaushi a baya. Bakanike ya canza fambel, ya wanke lagireto, bai hana ba. Yanzu ya ce sai an sauke inji. Baban yara kuwa ya ce tsohuwa ce ta gaji, har ya kira masu yanka motoci, za su zo ƙarshen wata. Ni kuma ban bar aikin ofis don in koma kai dashe a baro ba.

Ga hotonta nan, ka ga yadda na gyara ta.

'Yarka,
Auta


Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ido yana nan, ya zama na ado. Ki gaida surukina, ki ce masa ni ma tsoho ne na gaji, amma har yau ba a kira mini masu yanka ba.

Motar nan ta hau wurin da ya fi wannan da siminti a bayanta, allurarta ko motsi. Kada ki bari a sauke inji tukuna. Injin da aka buɗe ba ya komawa yadda yake, ko da mai buɗewar waliyyi ne. Da safe, kafin ki tayar da ita, ki duba ruwa. Ki duba robar murfin lagireto. Ki matsa tiyo ki ji ko ya yi laushi. A hawa kuma ki sauko da giya da wuri, ba ta son a tilasta mata.

Hoton na riƙe shi kusa, na riƙe shi nesa, wani abu kore-kore kawai na gani. Innarki ta ce ta yi kyau, ta jingine shi a kan rediyo.

Allah ya yi albarka.
Kawunki


Kawu,

Ina gaisuwa. Duk na yi. Ruwa cike, murfi sabo, tiyo lafiya, giya na sauko da ita tun daga gindin hawan. Ba ta canza ba.

Ka yi haƙuri da abin da zan tambaya. Baban yara ya ce babu direban da ke rabuwa da mota mai lafiya. Na ce masa ido ne ya raba ku. Amma idan akwai abin da ka sani ba ka so ka ɗaga mini hankali, gara in ji daga bakinka.

Auta


Auta,

Na amsa gaisuwa. Tambayarki ta zauna mini a ƙirji, amma gara da kika yi ta. Ban ɓoye miki komai ba. Sai na ce to, tunda ni na ba da ita lafiya, me ya same ta bayan ta bar ƙofata?

Na ce wa Innarki ta ɗauko hoton ta faɗa mini shi daga wutsiya zuwa hanci. Ta ce an yi fenti, an sa tayoyi. Na ce a gaba fa? Ta ce allon sunan lambunki, kore, da zanen ganye. Na ce a ina? Ta ce, "A gaba mana, Malam, tsakanin fitilun." Na ce ragar gaban lagireto fa? Ta ce, "Wannan tsatsar? Ai ita yarinyar ta rufe, shi ya sa motar ta yi kama da ta mutane."

Auta, ta wannan tsatsar take shan iska. A gari fanka tana lallaɓa ta, a hawa kuwa sai da iskar hanya. Bakaniken ba shi da laifi sosai, da ya ɗaga bonet cikin yake kallo. Kin yi mata kwalliya ne kin toshe mata hanci.

Ki sa mai walda ya mayar da allon jikin ƙofa. Amma ba zan yi miki daɗin baki ba, zafin da ta sha yana iya yin ɓarna. Ki zaro sandar auna baƙin mai. Idan kin ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, surukina ya ci gardama, ki bar masu yanka su ɗauka, kada ki ji nauyina.

Kawunki


Kawu,

Gaisuwa. An cire allon. Na daɗe riƙe da sandar kafin in iya kallonta. Baƙi ne wuluk.

Yau na loda ta har sama, Baban yara a gefena, idonsa a kan allura. Ta ɗan ɗaga a tsakiyar hawan, ta tsaya nan. Da muka kai ƙarshe, sai ya ce in tsaya ya yi waya, kada masu yankan nan su ɓata mansu a banza.

A gaida Inna.

'Yarka,
Auta