Ta'aziyyar Kabiru a Zango

Yaya Lawal,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya Legas, ya Hajiya Rabi da yara? Ina fata ƙafarka ta yi sauƙi. Mu nan Daura lafiya lau.

Ranar sadakar uku ta Kawu Sule na tafi Zango da ɗanka Kabiru. Kowa ya durƙusa gaban Inna Mairo, matar mamacin, shi yana tsaye ƙerere ya ce mata, "Very, very sad." Na san kalmar "very" ɗin nan tun sakandare, ƙarfafa magana take yi, kamar mu ce ƙwarai. Amma da ita ya yabi tsiren tasha a hanya. Ko "Allah ya jiƙansa" babu. Abin ya ba ni takaici.

Inna ta ce, "Audu, me ɗan Legas ɗin ya ce?" Na ce addu'a ya yi wa mamaci. Ban sani ba ko na kyauta. Yanzu kowa ya shigo sai ta ce yaron ya yi wa mijinta addu'a da Turanci, tana sa masa albarka.

Ka kira shi kafin sadakar bakwai, don ba zan sake yi masa tafinta ba. Ka roƙa mini gafarar ƙaryar nan. A gai da yara.

Ƙaninka,
Audu