Kukan Mai Kula da Injin Ruwan Solar na Ƙauyenmu

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta kafa mana injin tace ruwa mai aiki da hasken rana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, Allah shi ƙara girma.

Ranka shi daɗe, sunana Garba. Manomi ne ni a wani ƙauye da ke bayan Faru, ƙasar Maradun. Ni ne wanda yaranka suka naɗa mai kula da injin da kuka kafa mana bara da rani. Kafin zuwanku ruwan tafki muke sha tare da shanu, gudawa kuwa ba ta barin yaranmu su yi ƙiba. Da injin ya fara aiki muka ga canji, mun gode. Sai dai ina da kuka, ga shi dalla-dalla.

Na ɗaya, yadda aka naɗa ni. Wucewa nake yi zuwa gona, wani yaronka ya ce in riƙe masa tsani. Ina riƙe da tsanin mai gari ya iso, aka tambaye shi wa zai kula da injin, ya waiwaya, ni ya fara gani. Karatun da aka yi mani duka bai kai tsawon cin goro ba: in fitila ta nuna kore, lafiya, in ta nuna ja, in buga waya. Tun ran nan sunana ya koma Injiniya. An kawo mani rediyo gyara, an kawo keken ɗinki, wata tsohuwa ma ta kawo haƙorinta in duba.

Na biyu, farantan solar nan an kafa su ƙasa ƙwarai, iyakarsu ƙuguna. Matan garinmu suka ga abu shimfiɗaɗɗe, mai sulɓi, mai zafi, suka ce ba a taɓa kawo musu wurin shanya irinsa ba. Yau kuɓewa, gobe barkono, jibi tsakin gero. Na yi bayani cewa injin rana yake ci. Inna Kulu, yayar mahaifina, ta ce barkononta ma rana yake ci, kuma ya riga injin zuwa garin. Ban iya musu da ita ba, ita ta goye ni.

Na uku, zancen waya. Garinmu babu sabis sai an hau tsamiyar bakin masallaci, reshe na sama. Ran da fitila ta nuna ja na tattare riga na hau. Kira bai shiga ba, sai na rubuta saƙo: matata ta toshe, ba ta fitar da komai, ku taimaka. Matatar injin nake nufi, wadda ke tace ruwa. Amsar ofishinku ta zo cewa suna jajanta mani, in ba ta ruwan ɗumi da kanwa, in abin ya ƙi in kai ta asibiti. Liman na nuna wa saƙon don ya ba ni shawara, shi kuma ya sa jama'a addu'a bayan la'asar. Kafin magariba mata sun cika gidana da kunu suna dubiya. Uwargidana Hauwa, wadda lafiyarta ƙalau, sai da ta yi mako tana miƙo mani tuwo ba ta ce mani uffan ba.

Na huɗu, kuma shi ne babba. Ardo Jaɓɓi, makiyayin da ke zaune gefenmu tun zamanin kakanni, yana da wani farin bijimi mai faɗin rai. Wata safiya da na samu na kwashe shanya na goge farantan suna ƙyalli, bijimin ya biyo, ya leƙa, ya ga wani bijimi yana hararar sa. Ya ja da baya, ya tono ƙasa da kofato. Na yi ihu, na ɗaga masa hula, bai ko dube ni ba. Ya kai karo, faranti ɗaya ya tarwatse nan take. Aka kai magana gaban mai gari. Ardo ya ce bijiminsa bai taɓa fara tsokana ba, na cikin madubin ne ya fara. Dattawa suka yi shawara, suka yanke cewa laifin na wanda ya goge ne. Ranka shi daɗe, wato ni.

Yanzu injin ba ya kawo ruwa sai rana ta take tsaka, shi ma kamar hawaye. Layi yakan kai har ƙofar gidana, wanda bai samu ba ni yake zagi. Da yawa sun koma tafki. Ɗiyata ƙarama, Saratu, ta sha a gidan maƙwabta, ta kwanta da gudawa har idanunta suka faɗa, sai a babur na kai ta Maradun aka yi mata ƙarin ruwa. Ta tashi, alhamdulillahi, amma akwai yara biyu kwance a unguwarmu yanzu haka.

Don haka ina roƙo: a sauya farantin da ya fashe, a kawo sabuwar matatar injin. A ɗaga farantan sama inda hannu da ƙaho ba sa kaiwa, a kewaye su da waya. A koya wa mutum biyu ko uku aikin sosai, har da mace, don mata sun fi jin maganar 'yar'uwarsu.

Muna gayyatar ka ka zo da kanka ka gani. Mu mutane ne masu karrama baƙo, za mu tarbe ka da fura mai kyau, nonon ma Ardo ya ce shi zai bayar. Ina dai sanar da kai tun da wuri cewa da ruwan da muke sha ranar za a dama ta.

Allah shi ja zamaninka, shi tsare ka da iyalinka, shi ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba, mai kula da injin ruwa.