Burodin da Na Ajiye a Gindin Dutse

Harbin, Alhamis

Yaya Basha,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarki. Yaya ƙafar nan taki, tana barinki barci? Yaya maigida da hunturun Shanghai? Mu nan sanyi ya daskarar da kogi, amma lafiya lau nake.

Albishirinki. Gitel matar ɗana Hirsh ta haifi namiji ran Asabar da ta wuce, don haka kaciya ta faɗo jibi Asabar, kwana na takwas. Hirsh bai zo da kansa ba, mai kawo madara ya aiko. Kin san shekara biyu ke nan ba ma magana, tun da ya rufe shagon ɗinkin mahaifinsa ya koma bayan gari kiwon shanu. Ranar na rantse ba zan taɓa kwana ƙarƙashin rufinsa ba, kuma ina nan kan bakata.

Na san za ki ce in tafi tun Juma'a in kwana, kamar yadda mai kaciya zai yi. Ba zan yi ba. Amma jikana na fari, wallahi sai na gan shi.

Matsalar ita ce gonar ta wuce kamu dubu biyu daga gidan ƙarshe na gari, iyakar da dokar addininmu ta yarda mu taka ran Asabar, ranar hutu. Na je wurin malaminmu. Ya ce, "Fruma, hanya mai sauƙi ki sauke rantsuwar." Na ce, "Malam, ba sauƙi na zo nema ba, doka na zo tambaya." Ya yi dariya ya ce in kai abincin ci biyu in ajiye a tsakiyar hanya kafin rana ta faɗi gobe. Da haka wurin ya zama mazaunina a idon doka, daga can kuma ina da wani kamu dubu biyu. Sharaɗin dai abincin ya kai fitowar taurari yana nan. Bayan haka ko kare ya cinye, babu komai.

Na auna hanyar da kaina. Akwai wani baƙin dutse daidai tsakiya. Yau na gasa burodin kitso irin na Inna, mai albasa, gobe zan sa shi a tukunya in kai. Zan je in ga yaron, in dawo gidana in kwana.

Ki gaida 'ya'yanki duka.

Ƙanwarki,
Fruma

Harbin, Lahadi

Yaya Basha,

Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Zauna tukuna kafin ki karanta.

Jiya da hantsi na isa dutsen, na ɗaga murfin tukunya, babu komai sai ɓurɓushi. Ga sawun karnuka a kan ƙanƙara.  Yaya, in tun kafin fitowar taurari ran Juma'a suka cinye, ba ni da ikon ƙara taku ɗaya, kuma ni ba na tafiya a kan shakka. Ina hango hayaƙin gidan da jikana yake ciki. Na tsaya nan kamar gunki, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina Zalman.

Sai ga Hirsh yana tahowa, hancinsa ja wur, yana tari. Ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Mama, taho mana, ke ake jira." Na ce, "Da wace ƙafar? Karnukan ƙauyenku sun cinye min hanya." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kare ba ne. Ni ne."

Ashe mai madara ya gaya masa shirina. Ya san karnukan wurin, shi ya sa ya zo bayan tafiyata ya zauna kan tukunyar cikin wannan sanyi, yana korarsu, har taurari uku suka fito. Na ce, "To, ɗan banza, da suka fito me ya sa ba ka bar shi ba?" Ya ce, "Na buɗe ne in duba kawai, sai na ji ƙamshin albasa. Shekara biyu, Mama. Ban iya tsayawa ba."

Abincin mutum na ci biyu, ya cinye tas a tsaye. Na kai masa duka a kafaɗa, sannan na riƙe hannunsa muka ƙarasa.

An sa wa yaron suna Zalman. Yana da kunnuwan mahaifinsa, Allah sarki.

Rantsuwata tana nan, da yamma na dawo gidana. Amma na gaya wa Hirsh ran Juma'a zan sake kai tukunya gindin dutsen, da burodi biyu, ɗaya na doka, ɗaya nasa.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Fruma