Sun ce wa ƙanena karrama shi za a yi

Wata 'yar'uwa ce ta turo mana, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san wa'azin haƙuri zai yi min ya riƙe abinsa, haƙurin na yi shi har ya ishe ni, mafita nake nema. Ni mace ce 'yar kasuwa, a Guangzhou ta ƙasar China nake zaune wajen Huanshi Lu, ina yi wa mata sayayyar abaya da jakunkuna da takalma ina tura musu gida. Ina da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Nura duk da ba sunansa ke nan ba. Ni na jawo shi nan, amma ba a daɗe ba ya wuce ni nesa, don shi kayan maza yake yi a kasuwar Canaan, jins da riguna, kuma Allah ya ba shi farin jini. Duk wanda ya san harkar nan ya san ba shago ne jarinmu ba, suna ne. Mutum yana Kwari bai taɓa ganin fuskarka ba zai turo maka kuɗin kwantena guda, don kawai wani ya ce masa wane mai amana ne. Ranar da sunan ya taɓu kuwa sai dai ka haɗa kayanka.

Abin a hankali ya fara masa. Ya daina barci, ga surutu ba tsayawa, yau ya ce zai buɗe masana'anta, gobe ya ce an sa masa na'ura a silin ana sauraronsa. Ni na ɗauka gajiya ce da zafin harka, na yi ta yi masa tofi ina masa faɗan ya huta. Ran nan da rana tsaka ina Liwan ina duba jakunkuna aka kira ni wai in zo Canaan ƙanena ya tada kasuwa. Kafin in isa an gama komai. Ya hau kan dilolin wani shago, ya tuɓe rigarsa, yana jefa wa mutane wanduna wai ya saye kasuwar gaba ɗaya, daga nan ya fashe da kuka yana kiran Inna, mahaifiyarmu. Da masu gadi suka jawo shi ƙasa wandonsa ya zame. Ga Hausawa nan cike, 'yan Kano, 'yan Nijar, 'yan Ghana, mutanen da yake sahu ɗaya da su ranar Juma'a, amma wallahi tsohuwar laoban ɗin wurin ce, wato mai shagon, Basiniya, ta yayumo wani ƙyalle ta rufe masa jiki.

To a cikin masu kallon akwai Ɗanlami, abokinsa da suke cin abinci kwano ɗaya, wanda Nura ya ɗauka ya zaga da shi masana'antu ya nuna masa inda ake samun kaya da sauƙi. Shi wannan bawan Allah maimakon ya cire rigarsa ya rufa wa abokinsa, waya ya ɗaga. Ya ɗauki komai, har wurin wandon, kuma kana jin dariyarsa a ciki. Kafin magariba bidiyon ya zaga duk wani guruf na 'yan kasuwa daga nan har gida, wasu marasa tsoron Allah har sitika suka yanka da fuskarsa, in mutum ya yi tayin banza sai a tura masa hoton ƙanena baki buɗe. Da na tare Ɗanlami na zazzage masa abin da ke cikina, ko a jikinsa, wai shi ya ɗauka ne don ya turo min in ga halin da ake ciki, wai kuma ai amana ce a sanar da mutane kafin su ci gaba da tura wa mai taɓin hankali dukiyarsu. Yau kwastomomin Nura kaf suna hannunsa. In muka haɗu a hanya har ya durƙusa wai Hajiya ya mai jiki. Allah ya isa, ban yafe ba.

An kwantar da Nura a wani asibiti a nan, kuma gaskiya sun yi ƙoƙari. Likitar mace ce, da tafinta na waya muke magana, ta ce min ciwo ne kamar hawan jini, in yana shan magani ana duba shi zai yi rayuwarsa kamar kowa, in ya yanke zai dawo sabo. Ta kuma ja min kunne sosai a kan kada a bari wani tashin hankali ya same shi yanzu, don kansa bai gama zama ba. Alhamdulillahi ya samu sauƙi, yana wajena, yana sallah, yana cin abinci, sai dai ya yi shiru ya rame. Abin da ya faru a kasuwa bai tuna shi ba, shi a saninsa jiri ne ya ɗebe shi ya faɗi. Bai san da bidiyon ba. Wayarsa tana cikin jakata tun ranar, kullum ya tambaya in ce likita ce ta hana.

Matsalar ita ce bizarsa ta kusa ƙarewa, kuma a halin da yake babu hanyar sabuntawa, dole ya koma gida. Garinmu kuwa babu likitan ƙwaƙwalwa, ba a ƙaramar hukumarmu ba, ba a na kusa da mu ba, sai an yi doguwar tafiya zuwa babban birnin jiha, kuma wa zai dinga kai shi, Inna da ko kasuwa ba ta iya zuwa? A wajenmu in mutum ya samu wannan lalurar gidan mari ake kai shi. Na taɓa raka wata maƙwabciyarmu kai wa ɗanta abinci, na ga maza manya da sarƙa a ƙafa an jera su a rana, warin wurin har yau ban manta shi ba. Baffanninmu tuni sun yanke hukunci, wai jifa aka yi masa saboda hassada, maganin Nasara ba ya jin wannan, har sun yi magana da mai gidan marin an ware masa wuri. Babanmu ya rasu, Inna ba ta da bakin musa musu.

Wanda ya tare su shi ne Kawu, ƙanin Inna, kansila ne mai kula da harkar lafiya a ƙaramar hukumarmu, suna jin nauyinsa. Shekara da shekaru suna bin gwamnatin jiha ta ba su kuɗin da za su ƙarasa ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitin garin, ginin yana nan ba rufi, awaki ke kwana a ciki. Bana jiha ta ce za ta bayar, amma ba kowa zai samu ba, kowace ƙaramar hukuma ta zo gaban kwamiti ta nuna ita ta fi buƙata. Da Kawu ya kira ni na ɗauka jikin yaro zai tambaya, ashe da tasa ya zo. Wai takarda ba ta motsa 'yan kwamitin nan, sun gaji da ganin ta, wai ya ji 'yan ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da mu mota guda za su cika da masu tabon sarƙa su kai, to shi yana da abin da ya fi wannan. Zai haska bidiyon Nura a babban allo a zauren, ga 'yan jarida ga masu kyamara, sannan in an gama a ce ga shi nan zaune, ya miƙe tsaf da shi cikin manyan kaya, kowa ya ga ciwon nan bai bar mai kwantena a China ba, kuma magani yana aiki.

Wallahi maganar ba ta rasa gaskiya ba, na san gidaje nawa ne a garinmu ke da ɗaki a can baya da ba a buɗewa in an yi baƙi. Sai na ce to Kawu a bari ya ƙara warwarewa, a zaunar da shi a faɗa masa, in ya yarda da bakinsa shi ke nan. Buɗar bakinsa sai ya ce min wa ya taɓa neman izinin mahaukaci. Wai in aka faɗa masa zai ƙi, kuma ma ba a so ya sani, don in ya gani a wurin ya fashe da kuka a gabansu ya fi, nan take za su sa hannu. Ɗan yayarsa fa, wanda aka haifa a gabansa. Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, na ce in shi ne aka ɗauka tsirara zai yarda a haska wa 'yan jarida? Ya ce ni mara kunya ce, zaman China ya cire min tarbiyya, wai ina fifita sunan mutum ɗaya a kan ɗaruruwan da ke cikin sarƙa, sunan ma da ya riga ya zube, me ya rage da nake rufewa, bidiyon da har a wayar direbansa akwai. Ya rufe da cewa in na hana, shi zai zare hannunsa, in ji da baffannina.

Na kira Inna ina zaton za ta tsawata masa, sai kuka ta sa min, wai in bari kawai, gara kunyar yini ɗaya da sarƙar shekaru, ita ba za ta iya ganin ƙafar ɗanta da mari ba. Na ce Inna in aka yi hakan kuma jihar ta ba wasu fa? Ta ce sai mu ce haka Allah ya so.

Duk wannan bai ishi Kawu ba. Shekaranjiya na shiga wanka na bar wayata a falo, ya kira, Nura ya ɗauka. Ina fitowa na tarar da yaron nan a tsaye yana dariya, dariyar da rabona da ita tun kafin ciwon. Ya ce, "Yaya, kin ji abin arziki? Kawu ya ce ƙaramar hukuma za ta karrama ni a gaban manyan jiha, wai ɗan gari da ya fita waje ya yi suna." Ya ce dama shirun kwastomominsa yana damunsa, har ya fara zargin ko ya yi wa mutane wani laifi ne, ashe ba a manta da shi ba. Na zauna a hannun kujera, na ce masa ma sha Allah. Abin da ya fito daga bakina ke nan.

Tun daga lokacin ya zama wani mutum. Ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya yi aski, ya sa na raka shi ya sayi shadda, da laoban ɗin ya ce meyo, wato babu kalar da yake so, sai da muka zaga shaguna har ya samu. Yana tsayawa gaban madubi yana gwada abin da zai faɗa, wai zai fara da gode wa yayarsa da ta kawo shi China. Har cewa ya yi in kira masa Ɗanlami ya sanar da shi, don abokin arziki ba a ɓoye masa abin farin ciki. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka na ƙoshi. Na kira Kawu ya fi a ƙirga bai ɗauka ba, daga baya ya turo min saƙon murya, wai ai ga shi na ga yaro ya warke da jin labarin, in ina da imani in je in ɓata masa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai lokacin da nake cewa a raina to a yi mana, in huta. Na gaji. Harkata ta tsaya, matan da nake yi wa sayayya sun fara tambaya a fakaice ko abin a jininmu yake. Kuma in asibitin nan ya samu, shi zai fara amfana, da shi da wasu da yawa. Amma da na rufe ido sai in hango shi a kujerar gaba cikin sabuwar shaddarsa, yana murmushi yana jiran a kira sunansa, a kashe fitila, muryarsa ta cika zauren yana kiran Inna. Ina tsoron a wurin kansa zai juye, juyewar da ba za ta dawo ba, kuma ko ya tsira ba zai sake yarda da wani ɗan'adam ba, ni ce ta farko. In kuma na zaunar da shi a nan na nuna masa, likita ta ce kada a girgiza shi, ga mu a ƙasar mutane, biza na ƙarewa, in ya birkice min ban san inda zan nufa da shi ba. In na hana shi zuwa ban faɗa masa dalili ba, zai ce baƙin ciki nake masa, Kawu ya janye, baffanni su karɓe shi tun daga filin jirgi.

Don girman Allah wanda ya san aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikinku ya yi min magana, ana iya faɗa wa mai irin wannan ciwon abu mai nauyi haka, kuma ta yaya ake faɗa? Waɗanda kuma suka san yadda ake zaman kwamitin nan, da gaske sai an tozarta mutum kafin a ba mu ginin asibiti? Ni dai na rasa wanda zan ba gaskiya, na rasa wanda zan kai wa ƙara.

Ina rubuta wannan yana falo ya baza huluna a kan kujera, ya leƙo ya ce in zo in zaɓa masa wadda za ta fi fitowa a hoto, kuma wai ya roƙi Kawu a ajiye min kujera kusa da tasa. Na ce masa ina zuwa. Jama'a, in na fita me zan ce masa?