Durumin Inna Ba Na Sara Ba Ne

Yaya Ridwanu,

Na bi motar safe zuwa Gashuwa, matar Kawu ta haihu.

Masu saran itace za su zo da hantsi. Bishiyar bakin rijiya da ka nuna musu jiya ba ita ba ce. Na tsinko ganyen duka biyun, suna ƙarƙashin faranti. Mai faɗin nan na durumi ne, wanda marigayiya Inna ta dasa. Ceɗiya ce mai ƙananan ganye da saiwoyi suna reto, ita ke fasa mana katanga. Na ɗaura mata jan ƙyalle.

Don Allah ka tsaya a kansu. In na dawo babu durumin Inna, ni da kai ne.

Ƙanwarka,
Shuhada